Matata ta yi ɓari, ban yi wa ɗan baftisma ba: ina yake yanzu?

"Mama, ina gaisuwa. Ni Katolika ne, ina zaune a Badawa, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Shekara uku da aurenmu, sai bana Allah ya ba matata ciki. Ya shiga wata na huɗu ke nan jini ya ɓalle mata da daddare, kafin gari ya waye cikin ya zube a asibiti. Na ga abin da ya fito da idona, har da 'yan yatsunsa. Na naɗe shi a zanen uwarsa na binne a bayan gida ni kaɗai, ko addu'a ban iya yi ba. Wani dattijo a cocinmu ya ce tunda ba a yi masa baftisma ba, ba zai ga fuskar Allah ba. Mahaifiyata ta ce zuwa aiki da hawan adaidaita sahu kullum ne suka jawo, gwaggota kuma ta ce hannu aka sa mana. Kowa matata yake yi wa sannu, ni kuwa sai dai a ce in yi haƙuri in kula da ita. Wata biyu ke nan ban ɗauki rosari ba, in na shiga coci haushi nake ji. Shin laifinmu ne? Ina yaron yake? Kuma wannan haushin da nake ji da Allah, ya fitar da ni daga bangaskiya ke nan?"

Ɗana, sannu da rashi. Ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana kai da maiɗakinka, ya ƙara mata lafiya. Da gangan na fara da gaisuwar mutuwa, don na fahimci babu wanda ya yi maka ita, alhali rasuwa aka yi maka.

Tambayoyinka uku ne a rubuce: abin da ya zubar da cikin da ko akwai hannunku a ciki, makomar yaron da bai samu baftisma ba, sai haushin da ya hana ka addu'a. Akwai ta huɗu da ba ka rubuta ba amma tana leƙowa ta ƙarƙashin sauran, wato ko uba yana da hurumin yin makokin ɗan da bai taɓa jin kukansa ba. Ni nas ce kuma ungozoma, a ɗakunan haihuwa na garin nan na yi aikina har na ajiye, yanzu ina cikin masu koyar da ajin shirin aure a cocinmu. Katin asibitin matarka ban gani ba, saboda haka ba zan ce maka ga takamaiman abin da ya same ta ba. Ni kuma ba Fada ba ce. Abin da zan faɗa na koyarwar Ikilisiya duk a rubuce yake, kana iya kai wa Fadanku ya buɗe maka littafin ka gani da idonka.

Me ya zubar da cikin?

Ɓari ya fi yadda mutane suke zato yawa, shelarsa ce kawai ba a yi. A 2021 mujallar likitoci ta Lancet ta tattara bincike daga ƙasashe da dama, ta nuna cewa cikin kowane ciki 100 da aka tabbatar da shigarsa kusan 15 suna zubewa, kimanin ciki miliyan 23 ke nan a shekara a duniya. Kusan mace ɗaya cikin 10 ta taɓa yin ɓari. Ran Lahadi in ka dubi inda Zumuntar Mata suke zama, da wuya ka samu benci biyu a jere babu wadda ta ɗanɗana wannan, kuma mijinta yana can ɓangaren maza ya yi gum kamar yadda ka yi.

Mafi yawan ɓari a wata ukun farko yake faruwa, kuma kusan rabinsa daga ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne. Ƙwan mace yana zuwa da kuromosom (ƙananan zaruruwan da ke ɗauke da gadon halitta) 23, na namiji ma 23, su haɗu su zama 46. Wani lokaci wajen rabon sai ɗaya ya ƙaru ko ya ragu. Ɗan tayin zai fara girma yadda ya kamata, ya kai wani mataki, ya tsaya. Irin wannan tun ranar shigar cikin aka gama shi, babu kwanciya ko magani ko abincin da zai gyara. Sau da yawa ma zuciyar ɗan ta tsaya tun mako ɗaya ko biyu kafin jini ya fara zuba, uwa tana ta harkokinta ba ta sani ba.

Naku ya faɗo a bakin iyaka, tunda ya shiga wata na huɗu, kuma daga nan likita yake fara duba wasu dalilan. Akwai matan da bakin mahaifarsu yake da rauni, in ciki ya fara nauyi sai ya buɗe da kansa, wani lokaci ba tare da wani ciwon kirki ba. Akwai zazzaɓin cizon sauro, wanda a nan Kano, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, yana daga cikin abin da muke fara tambaya. Akwai ƙwayoyin cuta a gaban mace, da tunjere, da ciwon suga da ba a daidaita ba, da matsalar maƙoƙo, da ƙarin da ya tsiro ya matse cikin mahaifa, da wani ciwo da yake sa jini saurin daskarewa har ya toshe hanyar mabiyiya. Shekaru ma suna da tasiri: mace in ta haura 35 haɗarin yana ƙaruwa, namiji ma in ya haura 40. Duk da wannan jerin, a ɓari na farko sau da yawa ana sallamar mace ba a gano dalili ba, kuma ba sakacin kowa ba ne.

Maganar mahaifiyarka, da girmanta, ba haka take ba. Ɗan tayi a cikin ruwa yake, ruwan a cikin jaka, jakar a cikin mahaifa mai kaurin tsoka, kuma a wannan watan kusan duka suna zaune ne a tsakanin ƙashin ƙugu. Da girgizar adaidaita sahu tana zubar da lafiyayyen ciki, da lungunan Brigade da Kurna sun tsayar da haihuwa a garin nan tuntuni. Zuwa aiki, shara, girki, kwanciyar aure, ɓacin rai ko tsorata, duk ba sa zubar da ciki. Haɗarin mota na gaske, ko duka, ko shan wasu jiƙe-jiƙe masu murɗa mara, wannan wata magana ce daban, kuma ba ka ambaci ko ɗaya ba.

Ta gwaggonka ta fi ba ni tsoro. Da zarar an ce hannu aka sa, tambaya ta gaba ita ce hannun wa, kuma kullum akan samu wata tsohuwa ko wata facala da za a rataya wa. Zumunci ya lalace, ɗan bai dawo ba. Na ga matan da suka yi ɓari sau biyu, sau uku a wata na huɗu ko na biyar, aka yi ta yawo da su gidajen bokaye da gidajen addu'a ana kashe kuɗi, ashe bakin mahaifa ne. Da aka yi musu ɗinki a farkon wata na huɗu na cikin da ya biyo baya, suka haife 'ya'yansu lafiya. Ikilisiya ma ta hana mu zuwa wurin masu duba, yana nan a Katikisim, babban littafin koyarwar Ikilisiya, lamba ta 2116 da 2117.

Baftisma da makomar yaron

A nan zan daɗe, don na san nan ne ƙayar take.

Da farko, baftisma ta masu rai ce. Dokar Ikilisiya ta 1983, sashe na 871, cewa ta yi ɗan tayin da ya fito kafin lokaci, in yana da rai, a yi masa baftisma gwargwadon yadda zai yiwu. A irin wannan hali kowa yana iya yi, ba sai Fada ba: a zuba ruwa a kansa a ce, "Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." In ana shakka, sai a fara da "in kana da rai". Ni kaina na yi wa jarirai haka a ɗakin haihuwa da roƙon iyayensu mata, da ɗan ruwa a murfin kwalba. Amma ɗan wata uku da 'yan kwanaki, a mafi yawan lokuta, kafin ya fito rai ya riga ya bar shi. Ko Fada ne a tsaye a wurin da ruwa a hannu, ba zai yi wa wanda ya riga ya rasu baftisma ba. Babu wata ƙofa da ta buɗe maka a daren nan ka ƙi shiga.

Dattijon cocinku bai ƙirƙiri maganarsa ba, abin da aka koya masa yana yaro ne ya maimaita. Waliyyi Agustin, wanda ya rasu a shekara ta 430, yana cikin jayayya da masu musun zunubin asali, wato wanda ake gada daga Adamu, ya tafi a kan cewa jariran da ba a yi wa baftisma ba ba za su shiga mulkin sama ba, ko da yake ya ce hukuncinsu shi ne mafi sauƙi. (Bishop ɗinmu na Kano, John Namaza Niyiring, ɗan ƙungiyar Waliyyi Agustin ne, saboda haka ba raina babban malamin nake yi ba.) Malaman da suka zo bayansa da ƙarnoni sun ga abin ya yi tsauri, sai suka kawo ra'ayin wani wuri da ake kira Limbo, inda jariran suke cikin jin daɗi babu azaba, sai dai ba sa ganin fuskar Allah. Wannan ra'ayi ya shiga ƙananan littattafan katikisim, ya biyo 'yan mishan har ƙauyukanmu, tsofaffin katikis suka haddace shi. Amma Ikilisiya ba ta taɓa ayyana Limbo a matsayin abin da dole kowane Katolika ya gaskata ba. Ra'ayin malamai ne da ya daɗe har aka ɗauka doka ne.

Babban Katikisim na 1992 bai ambaci Limbo ba ko sau ɗaya. A lamba ta 1261 cewa ya yi yaran da suka mutu ba baftisma, Ikilisiya tana danƙa su ga jinƙan Allah, kamar yadda take yi a addu'ar jana'izarsu. Ya kafa hujja da cewa Allah yana so kowa ya tsira, da kuma maganar Yesu a Markus 10:14 cewa a bar yara ƙanana su zo wurinsa kada a hana su, sa'an nan ya ce waɗannan sun ba mu damar sa bege cewa akwai hanyar ceto a gare su. A lamba ta 1257 akwai jimlar da nake so ka riƙe: Allah ya ɗaure ceto da baftisma, amma shi kansa sakramentocinsa ba su ɗaure shi ba. Mu aka umarta mu yi baftisma. Wanda ya ba da umarnin bai ɗaure hannunsa da shi ba.

A 2007 kwamitin manyan masana tauhidi na Ikilisiya ya fitar da doguwar takarda a kan wannan batu kaɗai, Fafaroma Benedict na 16 ya amince a buga ta. Suka ce akwai dalilai masu ƙarfi na sa bege cewa waɗannan yara za su tsira su ga Allah. Suka kuma faɗi gaskiya cewa bege ne mai tafiya da addu'a, bai kai ga tabbataccen sani ba, don Allah bai bayyana mana wannan dalla-dalla ba. Ni ma ba zan wuce inda Ikilisiya ta tsaya ba, ba zan rantse maka cewa na san inda ɗanka yake zaune ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, wanda ya ce maka tabbas ba zai ga fuskar Allah ba ya faɗi abin da Ikilisiya ba ta faɗa ba, kuma nauyin hujja ya karkata ne ga jinƙai. Ka duba ranar 28 ga Disamba. Yaran Baitalami da Hirudus ya sa aka kashe ba wanda ya zuba musu ruwan baftisma, ba su san sunan Yesu ba, amma duk shekara muna bikinsu a matsayin tsarkaka.

Akwai kuma niyyarku. Tun ƙarni na 16 Kardinal Kajetan ya kawo ra'ayin cewa marmarin iyaye na yi wa ɗansu baftisma yana iya tsaya wa ɗan da ya mutu a ciki. Ikilisiya ba ta mai da wannan koyarwa ta dole ba, amma ka lura da abin da dokarta ta duba a sashe na 1183: Bishop yana iya ba da izinin a yi jana'izar Ikilisiya ga yaron da ya mutu kafin baftisma, in iyayensa sun yi niyyar yi masa. Ku da kuka shekara uku kuna roƙon wannan ɗa, wa zai yi shakkar niyyarku?

Kabarin bayan gida

Ka ce ka binne shi kai kaɗai, ko addu'a ba ka iya yi ba, kuma na ji kamar kana lissafa wannan cikin laifuffukanka. Ni a wurina aikin uba ka yi. Ikilisiya tana koyar da cewa rai yana farawa tun shigar ciki, kuma takardarta ta 1987 a kan mutuncin rai ta ce gawar ɗan tayi a girmama ta kamar gawar kowane ɗan Adam. Iyaye da yawa ba sa samun wannan dama, ko don cikin ƙarami ne ainun, ko don an yi wankin ciki an kwashe komai kafin hankalinsu ya dawo jikinsu, kuma su ma babu laifi a kansu. Kai ka samu, ka suturta shi da zanen uwarsa, ka sa shi a ƙasa. Binne matattu yana cikin ayyukan jinƙai da muke koya wa yara a aji.

Abin da ya rage ana iya cika shi yanzu, lokaci bai ƙure ba. Ka je wurin Fadanku a ofis, ba a bakin ƙofa bayan Misa ba inda mutane suke layin gaisuwa, ka faɗa masa duk abin da ka rubuto mini. Ka roƙe shi ya zo gida ya yi addu'a a inda ka binne yaron. A littafin Misa akwai addu'o'i na musamman don yaron da ya rasu kafin baftisma, kuma kuna iya ba da niyyar Misa domin iyalinku. In gidan haya ne kuma kana jin tsoron ranar tashi, wannan ma ka faɗa masa ku yi shawara.

Ku raɗa masa suna. Ba doka ba ce, wasu ma'auratan ba sa so, kuma ba a tilasta musu. Amma na lura waɗanda suka yi sun fi samun bakin magana, don mutum ba ya iya yin makokin "abin nan da ya faru" har abada, dole a samu wanda ake kira. In ba a gane namiji ne ko mace ba, akwai sunayen da suke hawa kowa. Ba sai an yi taro ba, ku biyu da Fada kun isa.

Haushin da kake ji

A ɗakin haihuwa na daɗe ina kallon abin da ake yi wa maza. Ana shiga da mace, a tsayar da miji a bakin ƙofa, a miƙo masa takarda: je ka sayo magani, je ka biya kuɗi, je ka nemo wanda zai ba da jini. Ya yi ta zirga-zirga har asuba. In an fito an ce cikin ya zube, kafin ya haɗiye maganar an miƙo masa wata takardar. A gida Zumuntar Mata za su zo da kunu da farfesu su kewaye matar, wata ta ba ta labarin nata ɓarin. Zumuntar Maza kuwa, in ba gawa aka fitar ba, ba su san ana zuwa gaisuwa ba. Ga al'adarmu ta kara, wadda ta hana uba nuna zumuɗi a kan ɗan fari ko da yana raye, balle wanda bai zo ba. Sai a wayi gari namiji yana ɗauke da makoki babu inda zai sauke. Wani ya koma daɗewa a wurin aiki, wani ya koma kwalba, wani ya zama mai faɗa a kan gishirin miya. Kai naka ya fito ta haushin coci, kuma a cikinsu duka shi ne mai sauƙin magani.

Haushi da Allah ba fita daga bangaskiya ba ne. Mutum ba ya fushi da wanda bai yarda akwai shi ba. Ka buɗe Zabura 88, mai addu'ar ya kai ƙararsa tun daga farko har ƙarshe, ya rufe da cewa duhu ne kaɗai abokinsa, babu ko aya ɗaya ta yabo a ƙarshen, kuma Ikilisiya tana karanta ta a addu'ar dare ta kowace Juma'a. Ayuba ya la'anci ranar haihuwarsa, ya nemi Allah ya fito su yi shari'a, amma a ƙarshen littafin abokansa masu wa'azin haƙuri aka tsawata wa. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. In kuma zuciyarka tana raya maka cewa hukuncin wani tsohon zunubi ne, ka karanta farkon Yohanna sura 9, inda almajirai suka tambaya zunubin wa ya sa aka haifi mutum makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba.

Dalilin da ya sa Allah ya bar wannan ya faru bayan shekara uku kuna roƙo, wannan ba ni da amsarsa, kuma ka yi hattara da duk wanda ya zo maka da amsa a shirye. Masu cewa "Allah ya fi ku buƙatarsa" ko "ai za ku samu wani" da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma ba dole ka karɓa ba. Wani ɗan ba ya zama madadin wannan. Maƙwabtanmu Musulmi in yaro ya rasu sukan ce "Allah ya sa mai ceto ne", kuma a cikin gaisuwar da ake yi a garin nan ita ta fi kwanta mini, don ta ɗauki yaron a matsayin wani mai rai a wurin Allah.

Kada ka tilasta wa kanka rosari gaba ɗaya. In "Ubanmu" ɗaya za ka iya, ka yi shi. In shi ma ya ƙi, ka zauna a bencin baya ka faɗa wa Allah abin da ke ranka da irin Hausar da kake yi wa abokinka, har da haushin. Ka ci gaba da zuwa Misa ko da jikinka ne kawai ya je. Jin haushi ba zunubi ba ne da zai hana ka karɓar Jikin Yesu, in kuma kana kokwanto ka kai maganar wurin furta zunubi Fada ya warware maka. In kana son wanda za ka roƙa ya yi maka addu'a, akwai Waliyyi Louis Martin, mahaifin Waliyyiya Tereza ta Yaro Yesu. Shi da matarsa Zelie sun haifi 'ya'ya 9, suka binne 4 suna ƙanana, kuma a 2015 aka ayyana su tsarkaka tare, miji da mata.

Sai matarka. Ina kyautata zaton ba ta san ka rubuto wannan ba, kuma ina kyautata zaton tana kallon shirunka tana fassara shi da ɗayan biyu: ko abin bai dame ka ba, ko kana ganin laifinta kamar yadda mahaifiyarka take gani. Matan da suke zuwa wurina bayan ɓari, kukan da suka fi kawowa ke nan, cewa maigida ko a jikinsa. In na kira mijin gefe sai in tarar ya fi wata bai yi barcin kirki ba, yana ɓoyewa ne don kada ya ƙara mata. Ka faɗa mata ka ga 'yan yatsun. Ka nuna mata inda ka binne shi in ba ta sani ba. Kukanka a gabanta ba zai karya ta ba. Mahaifiyarka kuma kai ne za ka tare ta, cikin ladabi, ka ce ma'aikatan asibiti sun ce ba aiki ba ne, ba adaidaita ba ne, kuma kana roƙon a bar maganar. Suruka ba za ta iya faɗa wa uwar miji wannan ba, aikinka ne.

Wata biyu ba wani dogon lokaci ba ne a makoki, kuma ka sa ran zai motsa a watan da ya kamata a ce an haife shi, da ranar da za a yi suna ko baftisma a gidan wani abokinka. Amma in ka ga watanni suna tafiya barci ya ƙaurace, hoton daren yana dawo maka kamar yanzu ake yi, ba ka iya tsayawa gaban aji, ko kana jin gara ka mutu, to abin ya wuce na Fada shi kaɗai. Haka ita ma. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da damuwa, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Kafin ciki na gaba

Mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya suna haihuwa lafiya a cikin da ya biyo baya. Al'ada takan dawo cikin mako 4 zuwa 6, in har yanzu ba ta gani ba, ko jini yana ta ɗiga, ko akwai wari ko zazzaɓi, ku koma asibiti gobe. A da ana cewa a jira wata 6, binciken baya-bayan nan bai nuna dole ne ba in jikinta ya warware, amma tunda naku ya shiga wata na huɗu, kuma kun shekara uku kafin a samu, ku ga likitan mata tun kafin ku sake nema. A duba yawan jininta, da suga, da hawan jini, a yi hoton mahaifa. Ku san rukunin jininta: in nagetif ne, akwai allurar Anti-D, mai kare cikin da zai biyo baya, da ake so a yi cikin awa 72 bayan ɓari, in ba a yi ba ku faɗa wa likita don ya san abin da zai riƙa bibiya. Ta fara shan folik asid tun yanzu, ta riƙa kwana a gidan sauro. In ciki ya shiga kada ku bi al'adar ɓoyewa sai ya fito, ku je awo da zarar ta yi ɓatan wata, da katin wancan asibitin a hannu, ku faɗa musu a mako na nawa na farkon ya zube da yadda ya fara, da ciwo ko babu ciwo, don da wannan bayanin ne likita zai yanke shawarar ko za a riƙa auna bakin mahaifarta. Kai ma ka shiga ɗakin likitan tare da ita, kada ka tsaya a waje.